Shekarar da Aka Sauke Motoci Biyu a Yelwa

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku tasowata a tsibiri, na rubuta aurena da Babanku, amma duk sa'ad da na iso nan sai in ajiye biro in ce sai gobe. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne maganar da Sanusi ya yi a tsakar gida ranar da aka sa ranar auren Hauwa'u. Ya ce shi zai tsaya waliyyinta, kuma ba sai an gaya wa Yayanku na Abuja ba. Ke Rabi kika ce haka ya dace. Hauwa'u ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Babanku bai bar ɗan'uwa namiji ba, don haka wannan tsayuwa ta babban wa ce. In aka ɗaura auren nan babu shi, an cire shi daga gidan nan ke nan a idon duk mutanen Yelwa, kuma ban hango ranar da za a mayar da shi ba. Na ji ku sarai, na ci gaba da tsintar shinkafata. Amma akwai abin da ba ku sani ba game da jar motar nan da kuka riƙe shi a kanta.

Kun san yadda muke da shi. Ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, kuma da aka yaye shi Gwaggonku Hajo, yayar Babanku, ta ɗauke shi ya girma a ɗakinta. In ya durƙusa gaishe ni ina amsawa ne ina kallon wani wuri. Haka aka koya mana. Uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta shiga faɗansa, ba ta kare shi ko a gabanta aka taka shi. Akwai masu yi mata wannan aikin, kuma tawa mai yin ita ce Hajo, Allah Ya jiƙan ta. Wanda duk ya taɓa yaron nan, sai ta ɗaura gyale a ƙugu ta bi shi har ƙofar gidansu.

Tun yana ƙarami ba ya barin gindin injin jirgin ruwan Babanku. Daga nan ya tafi koyon kanikanci Kontagora, daga can ya faɗa hannun wani Alhaji mai sayar da motoci a Abuja, ya yi shekaru yana yi masa hidima. A can ne ya shiga wasan mota. Suna da wani fili a bayan gari, an kewaye shi an zuba kwalta mai kwana-kwana, ranar Asabar su taru su yi ta tsere. Ranar da labarin ya iso gida Babanku ya yi faɗa a zaure, ya ce mutum da hankalinsa ya ƙona mai yana zagaye wuri guda kamar jakin da aka ɗaure a turke. Amma Rabi, ki tuna wanda yake kiran ki in baƙi sun watse ya ce ki sake kunna masa hoton tseren a wayarki, wai yana so ya ga iyakar shirmen. Sau nawa ya ga iyakar shirmen nan?

Abin da ba ku taras ba shi ne, kafin a haife ku Babanku ɗan tsere ne. Yana da wani kwalekwale siriri mai tsawo, ko buhun gero ɗaya ba ya ɗauka, in an gama girbi aka buga ganga a bakin ruwa shi da abokansa suke shiga. Daga Yelwa har Wara an san shi. A bakin ruwan nan na fara ganinsa, jikinsa sharkaf, yana dariya, mutane sun ɗaga shi sama. Da cikin Yayanku ya tsufa sai Babanku ya sayar da kwalekwalen ya shiga jirgin fito, mai ɗaukar albasa da shanu da 'yan kasuwa. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

To, a shekarar da nake ba ku labari, Alhajin ya tashi sallamar Yayanku. Akwai motoci biyu na tsere da suka iso masa daga Legas, ya ce ya zaɓi ɗaya ta zama tasa, ɗayar a wuce da ita Sakkwato wurin mai saye. Da yake babbar motar da ta ɗauko su ta Yawuri za ta bi, sai Yayanku ya roƙi a sauke su a nan yini ɗaya, mahaifinsa ya gani ya sa albarka. Bayan girbi ne, hanya a bushe. Aka sauke su a filin bakin tasha, gari ya ɗauka. Ɗaya baƙa ce, ƙofa huɗu, mai faɗin ƙirji, in an tayar da ita sai ka ji a cikinka. Ɗayar ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, a kwance take da ƙasa kamar kada yana shan hantsi. Baƙar ta shigo lungunmu har ƙofar gida. Jar ta zo bakin kwalbatin shiga lungu ta tsaya, Yayanku ya fito ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce a bar ta nan.

Ni ba zan fita kallon motar ɗan fari ba, ai abin magana ne. Sai na tuna ina da aron rariya a gidan Ladi mai kifi, wanda yake daidai bakin lungu. Na same ta a tsaye ta riƙe haɓa.

"Inna, wagga ko kaza ba ta ratsa ƙarƙashinta. In ya yi aure, ina matar za ta sa kwanukanta?"

Wani direban haya ya ce, "Ke Ladi, wagga ba ta aure ba ce, ta gudun surukai ce."

Aka kwashe da dariya. Hajo ta zo da sandarta ta kewaye kowacce tana tofa addu'a, ta ce ita dai duk wadda ba ta kashe mata yaro ita ce mai kyau. Kai Sanusi kana cikin baƙar, ka kwantar da kujera kana shan sanyi, kana cewa da wannan za a riƙa kai Baba asibiti Birnin Kebbi. Kowa ya ɗauka zance ya ƙare a kan baƙar.

Yayanku ya ɗauki Babanku a baƙar suka bi hanyar Koko, inda kwalta take da kyau a lokacin, suka dawo. Sannan aka zo ta jar. Sai da Babanku ya cire hula, ya tattare babbar riga ya rungume ta a ƙirji, Yayanku ya riƙe masa hannu kafin ya iya zama. Yara suna ta ihu. Ƙararta ba irin ta baƙar ba ce, siririya ce mai tsini, muna jin ta har ta ɓace. Sun daɗe fiye da na farko. Da suka dawo aka ciro Babanku, idanunsa sun yi ja suna ruwa. Ya ce iska ce. Gilashin kuwa a rufe yake.

Bayan azahar suka shiga ɗakin Babanku su biyu. Ku kuna waje wurin motoci. Na kai musu fura, na zauna daga bakin ƙofa ina damawa, bayana gare su. Ba wanda ya ce in fita. Abin da zan rubuta yanzu da kunnena na ji shi.

Babanku ya ce, "To, gaya mani gaskiyarsu, ba irin ta dillalai ba."

Yayanku ya ce, "Baba, a miƙaƙƙiyar hanya baƙar ba ta bar wa jar komai ba. Amma nauyi gare ta. In an zo kwana sai ta nemi wucewa da mutum, dole ka taka birki tun da nisa, kafin ka daidaita ta an bar ka. Jar kuwa kamar an manna ta da ƙasa, inda ka kalla nan take bi. Sai dai hanya ɗaya ta sani, mai sumul. Rami ɗaya ya ishe ta."

"Kai wacce ka ɗauka?"

"Baƙar."

"Don mi?"

"Tana shiga fili ranar Asabar, kuma tana kawo ni gida ko da damina. Ga ciwon ƙafarka, ga Gwaggo. In wani abu ya taso ina da inda zan sa mutum."

"Da baƙar kana cin tsere?"

Yayanku ya ce, "Ina dai shiga. A gan ni cikin mutane."

Na ji Babanku ya ajiye ludayi. Da ya buɗe baki, da wata murya ya yi magana wadda na manta yana da ita.

"Ni ma na taɓa tsayawa gaban jirage biyu, kana cikin ciki. Na ɗauki na kaya. Ban yi da-na-sani ba, da shi na ciyar da ku duka. Amma har yau in aka buga gangar tsere a bakin ruwa, ɗaki nike shigewa in rufe ƙofa. Tambayi wadda ke dama furar can."

Ban juyo ba. Na ci gaba da damawa, furar da ta riga ta damu.

"Na bar nawa saboda kai. Ba ka barin naka saboda ni. Mutum ɗaya ya isa a gida guda. Ɗauki jar."

"Baba, hanyar Kontagora fa? In ruwa ya sauka..."

"Motocin haya sun ƙare a duniya? Ka zo cikin haya kamar ɗan kowa."

"Shawara ce, Baba, ko umurni?"

"Umurni. Kuma ga na biyu. Kada wani mahaluki ya ji ni na zaɓa. Sahun gaba nike sallah, ni ake kira sulhu a bakin ruwa. Ba a cewa tsoho ya zauna ya zaɓa wa ɗansa abin wasa. Ka fita ka ce kai ka gani kana so."

Haka ya fita ya faɗa. Kuna tuna yadda kuka yi. Sanusi ya fito daga baƙar ya bugo ƙofa, ya ce dama wanda ya sha ruwan Abuja ba ya tuna na baya. Rabi ta ce motar 'yan iska. Babanku ya fito yana gyara hula, ya girgiza kai a gaban jama'a, ya ce, "Yaran zamani, sai addu'a." Ni kuwa na shige madafa da sauri don kada a ga fuskata. Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta. Washegari aka mayar da motocin kan babbar mota, baƙar ta tafi Sakkwato ba mu sake ganinta ba.

Ya kiyaye abin da aka ce masa. A haya ya zo da azumi, a haya ya zo babbar sallah, a matse cikin mutane da kaji, kuna yi masa dariya wai mai mota ya zo a ta mutane. Ya yi murmushi kawai. In sun keɓe da Babanku sai in ji suna ƙus-ƙus, ana zana kwana a ƙasa da tsinke.

Sai damina ta sauka, irin wadda ruwa ya haura gonakin albasa na bakin kogi. Wata Asabar da safe Babanku ya tafi bakin ruwa duba jirgi, ya sunkuya zai kwance igiya, ya faɗi. Aka kawo shi gida a kan ƙofar katako, gefe ɗaya na jikinsa ya saki. Ma'aikacin asibiti ya zo ya duba ya ce kada a motsa shi. Sanusi ya kira Yayanku. Yana cikin filin tsere, a zaune cikin jar, an kusa tashi. Daga baya mutane sun yi ta cewa me ya hana shi zuwa tasha ya hau haya, me ya hana shi aron motar wani. Ni ban san abin da mutum yake tunani ba in an ce masa ubansa ya faɗi. Abin da yake ƙarƙashinsa shi ne abin da ya fi komai gudu a garin, ya juya kanta ya fito.

Ina zaune a gefen Babanku ina shafa masa ruwa a leɓe. Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sosai. Duk sa'ad da wani babur ya wuce a titi sai ya ɗaga yatsa, idonsa ya tafi wajen ƙofa. Sau ɗaya na kai kunnena na ji abin da yake cewa.

"Kin ji ta?"

Na ce, "Tana hanya, Malam."

Ya yi wani abu da rabin bakinsa mai motsi. Murmushi ne, na san shi. Ana kiran azahar ya cika.

Jar ta kawo Yayanku Kontagora tun kafin a yi tsammani. Bayan Kontagora ne hanya ta zama abin da kuka sani, ramuka cike da ruwa, manyan motoci sun tone ko'ina. Ya lallaɓa ta, ya lallaɓa, har ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, ƙasan injin ya fashe, baƙin mai ya tsiyaye a taɓo. Wurin babu sabis. Ya bar ta nan a buɗe, ko makulli bai cire ba, ya yi ta tafiya a ƙasa har ya samu ɗan kabu-kabu, wannan ya miƙa shi ga wani, wani ga wani. A nan kuwa an jira har la'asar, liman ya ce ba a ajiye gawa, ga hadari ya haɗo. Gaskiyarsa ce. Aka kai Babanku. Maza suna dawowa daga maƙabarta, ana shimfiɗa tabarmi a zaure, sai ga shi ya sauka, taɓo har gwiwa, da wata rigar tsere mai haɗe da wando a jikinsa.

Ina cikin ɗaki, an riga an sa ni takaba, amma katangar zauren ba ta da kauri. Na ji shigowarsa. Sannan na ji muryarka, Sanusi.

"Sannu da zuwa, sarkin gudu. Yau kam ka zo na ƙarshe."

Wani dattijo ya ce, "Haba Sanusi, a bari." Ka ce ba ka bari, ai kowa ya ga ranar da aka ajiye masa motar zuwa gida da motar wasa, ya ɗauki ta wasa. Na kasa kunne in ji abin da Yayanku zai ce. Kalma ɗaya ta ishe shi. Bai faɗe ta ba. Ya tambayi inda kabarin yake, ya tafi shi kaɗai cikin ruwan sama.

Ko baƙar da ta kawo shi a kan lokaci? Wataƙila da ya samu sallar gawa. Wataƙila da ita ma ta tsaya a bayan wata tirela da ta kafe. Allah Shi ne masani, kuma kwanan Babanku ya ƙare ko da wace mota. Hajo ce za ta fito ta tsaya masa, to mutuwar ƙanenta ta karya ta, ba ta sake tashi sosai ba, kafin in fita takaba ta bi shi. Ita ma ba ta san abin da aka yi a ɗakin ba. Ni kuwa ga mata cike da gida, dangin Babanku na tsibiri da na Shanga, in buɗe baki in wanke ɗan fari a gabansu? Harshena bai san hanyar ba. Na ce in an kwana biyu zuciya za ta sauka. Ba ta sauka ba. Ya aiko da ragon sunan ɗan Rabi aka karɓa ba a kira shi ba. In ya zo gaishe ni, Sanusi ya fice ta ƙofar baya. Daga baya ya rage zuwa, ya koma zuwa da hantsi ya juya kafin la'asar, kamar mai ziyarar asibiti.

Motar an jawo ta an gyara. Ya daɗe bai taɓa ta ba. Wata Asabar da yamma, shekara ta zagayo, wayata ta yi ƙara, Hauwa'u ta miƙo mani ta fita. Na ji hayaniya a bayansa, mutane suna ihu suna busa.

Ya ce, "Inna, na ci."

Na gyara riƙon wayar a kunnena.

Ya ce, "Na ɗauko waya, sai na rasa wanda zan gaya wa."

Na ce, "To." Iyakar abin da ya fito ke nan. Muka zauna a haka, yana numfashi ina numfashi, har ya ce a gaida gida.

Zuwansa na baya-bayan nan, da ya durƙusa zai yi sallama, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Na dube shi a fuska. Ashe furfura ta fara fito masa a gemu, ban sani ba.

Na ce, "Me ya hana ka gaya musu?"

Ya ce, "Baba bai janye maganarsa ba, Inna."

"Ko za su ɗaura auren Hauwa'u babu kai?"

Ya sunkuyar da kai. "In sun yi, Allah Ya sa albarka. Zan aiko da gado."

Na kwana biyu ina juya wannan. Shi aka ɗaure da alkawari, kuma zai mutu da shi, na gani a idonsa. Amma ni Babanku bai ce mani komai ba. Ya san ina bakin ƙofa, har ya ambace ni. Mutum ne da ba ya mantuwa da igiya, in ya bar wata a kwance to da gangan ya bari. Mutuncinsa na sahun gaba kuwa, Sanusi, kai da kake tsayawa a wurin yanzu, ka faɗa mani ko ya ragu don ka ji ubanka ya taɓa son wani abu a duniya.

Ba zan tilasta muku ba, ban iya ba. Ka karanta wa 'yan'uwanka wannan a tsakar gida, da ƙarfi, har wurin maganarka ta zaure, kada ka tsallake. In ka gama, lambarsa tana wayar Hauwa'u, na san ba ta goge ba. In bakinka ya yi nauyi, ka danna kawai ka kawo mani. Ni zan gaya masa ranar, in ce ya taho tun ana jibi, ya biyo haya, ruwa ya fara sauka.